Yatsu Biyu a Kan Tebur

Da furfurarta Leung Sau-kuen ta shiga ajin Turanci, ba don komai ba sai don jikarta Josanne, wadda ko "zo in kashe ki" ba ta ji da yarensu na Sinawa, yaren Kanton. Kullum da safe surukarta Candice ke kawo mata yarinyar ta wuce aiki. Wannan renon shi ne abin da ya rage wa tsohuwar a duniya.

Ranar Lahadi ake karatun, a zauren ƙungiyar Sinawa da ke Port of Spain, birnin da Turanci ne yaren gari. Kusa da ita Wai-ling ke zama, aminiyarta tun suna amare, wadda nata jikokin ke Kanada, ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Kan Wai-ling kuwa, Allah na tuba, ba ya ja. Sau-kuen ce ke nanata mata darasi har ya zauna.

Rannan Malama Ramdeen ta kawo kalmomin fushi: na ɗan ɓacin rai, na tunzura, na wanda idonsa ya rufe. Ta ce kowa ya gaya wa na kusa da shi ranar da ya fi fusata. To, abin da baki ke jin nauyinsa da yaren gida, da yaren aro sai ya zame. Sau-kuen ta ba da labarin ranar da Candice ta cika wa yarinyar gora da ruwan ƙanƙara alhali tana tari. Wa ke ba mai tari sanyi? Uwar na fita Sau-kuen ta maka gorar da bango, Josanne ta firgita ta yi ta kuka. Tsohuwar ta ce har yau tana nadama. Wai-ling ba ta gane rabin kalmomin ba, sai da Sau-kuen ta bi su da ita ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Laraba ba a kawo Josanne ba. Candice ta bugo waya ta ce ta sa ta gidan reno.

"Wai-ling ta gaya mini komai a kasuwa, Mama. Ban ma san ta iya Turanci haka ba."

Sau-kuen ta zauna riƙe da cokalin kunun shinkafar da ta dafa wa yarinyar. Ba fushi ne ya fi cin ta ba, cin amanar ne. Da bakinta ta wasa wuƙar.

Lahadin da ta biyo, darasin haƙuri da tsaka-tsaki ne. Da aka yi hutu, Wai-ling ta zuba mata shayi, ta tsaya jiran yatsu biyun da ake ƙwanƙwasawa a kan tebur don godiya. Ko baƙon da ba ka sani ba kana yi masa wannan.

"Yaya, gwada Turancina kawai na yi," in ji Wai-ling.

"Ya fita sarai. Ai ni na koya miki."

Hannun Sau-kuen bai bar cinyarta ba. Matan teburin duk sun gani, kowacce ta sunkuyar da kai. Shayin ya huce a kofin, ita kuma ta ja kujerarta zuwa layin gaba.