Shekarar da Tafki Ya Janye

Ƙafar keken ta sake kafewa a taɓo. Yaya Babba ta sa kafaɗa ta tura har ɗankwalinta ya zame. Iya na zaune cikin keken da aka aro a asibitin gari, ta riƙe hannuwansa gam tun da suka gangaro daga kan dutse.

A bakin igiyar da aka gitta, mai gadi ya tare su ya ce sai da tikiti. Yaya Babba ta dube shi daga hula har takalmi. Ta nuna masa wani guntun bango kusa da kututture, ta ce a ɗakin can aka haife ta, in yana son tikiti ya biyo ta can ya karɓa. Da ya duba da kyau ya gane tsohuwar da ke keken uwar Ciyaman ce, sai ya ɗaga igiyar yana ta ba da haƙuri.

Damina biyu ruwa bai zuba yadda ya kamata ba, tafkin ya yi ta ja da baya har tsohon garin ya fito fili: bangaye sun yi baƙi, rijiya ta cika da laka, duwatsun niƙa a kife. Kakanninsu makiyaya ne da fari ya koro. Suka tarar da ɗan tafki a tsakanin duwatsu, suka sauke kaya, suka koyi kamun kifi. Nan suka hayayyafa har lokacin da aka datse kogi don samar da lantarki. Yaya Babba tana yarinya aka zo da manyan motoci da kulake. Ta ga an cinna wa jinkar maƙwabcinsu wuta don ya ƙi fita, ta ga awakinsu na iyo. Aka watsa su kan gangaren dutse inda ko gatari ba ya shiga ƙasa, lantarkin kuma ya bi waya ta saman kansu ya wuce birni. Tun daga nan take zaman gyaran raga a ƙofar gida, duk wanda ya kawo mata aiki sai ya saurari labarin nan, ko yana so ko ba ya so.

Ƙanenta Auta kuwa a kan dutsen aka haife shi, bai taɓa kwana a tsohon garin ba. Shi ne yanzu Ciyaman. Da bangayen suka bayyana, ya ga hanyar da za a san da zamansu. Ya gayyato manya daga birni da masu kyamara, ya ce in baƙi suka saba zuwa, ƙila a yi musu titi a kawo likita. Jiya ya zo gida ya durƙusa gaban Iya, ya roƙe ta ta yi wa baƙi 'yar magana mai daɗi, tunda ita kaɗai ta rage cikin matan da suka yi zaman aure a can. Yaya Babba ta ce in daɗin baki yake nema ya sayo sukari. Suka yi ta yi har Iya ta juya musu baya ta fuskanci bango. Da safe ya turo mota, Yaya Babba ta mai da ita, ta ce uwarta ba kayan nuni ba ce, ita za ta kai ta da hannunta.

An kafa rumfa a wani fili mai laushi bayan bangayen, an jera kujerun roba da akwatunan lemo. Baƙi na ta ɗaukar hoto, wata mata ta ɗora ƙafa kan dutsen niƙa tana murmushi. Auta na tsaye da lasifika, rigarsa ta sha guga, yana bayanin yadda iyayensu suka sadaukar da garinsu da zuciya ɗaya domin ƙasa ta ci gaba.

Yaya Babba ta saki keken a bakin rumfa, ta ratsa kujeru har gabansa.

“Wa ya sadaukar? Kai da ko cikinka ba a yi ba a lokacin? Da kulki aka fitar da ubanka, har ya mutu kafaɗarsa ba ta daidaita ba.”

Auta ya rufe bakin lasifikar da tafin hannu, ya ce da ita ƙasa-ƙasa don Allah ta rufa masa asiri, in ta kore mutanen nan, raga ce za ta kai mai naƙuda asibiti? Ta ce, da a je asibitin da za a gina da ƙarya, gara a mutu a hanya. Masu kyamara suka juyo kansu. Wani babba mai tabarau ya yi gyaran murya yana duba agogo.

“Ku ɗage rumfar nan.”

Muryar Iya ce. Ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. Auta ya yi sauri ya durƙusa gabanta ya miƙa mata lasifika, ta ture ta da bayan hannu.

“Kai ka ce mun bayar, ke kin ce an ƙwace. Babu wanda ya tambaye ni abin da na bari.” Ta ɗaga ido ta dubi 'yarta. “Ke mai bakin nan, kin san a kan wa kike tsaye?”

Yaya Babba ta dubi ƙasa. Laka ce busasshiya mai tsattsagewa, da murfin kwalba a kai. Ta dubi bangon da ke hagu, ta dubi rijiyar, ta auna da ido, sai ta gane. Filin nan mai laushi nan ne ake binne yara. Akwai ƙanwarta jaririya da take goyo a bayanta in Iya na aiki, wadda zazzaɓi ya ɗauke ana saura kwanaki kaɗan motoci su zo. Iya ta roƙi a bar ta ta jera duwatsu a wurin, aka ce babu lokaci. Shekara da shekaru Yaya Babba na ba da labarin jinka da awaki da kafaɗar babansu, ko sau ɗaya yarinyar ba ta shigo ciki ba. Ta ja da baya a hankali, kamar mai tsoron tada mai barci.

Auta ya tambayi Iya ko yana da wata yayar da ba a taɓa gaya masa ba. Ta gyaɗa kai. Ya tambayi sunanta, ta ce ba a gaban mutanen nan ba. Wani mai kyamara ya matso har kusa da hancin tsohuwar don ya kamo hawayenta, Yaya Babba ta warware gyalenta ta rufe masa gilashin kyamarar, ta ce in ya ƙara taku ɗaya a rijiyar can zai nemi kayansa.

Auta da kansa ya kama ƙafar rumfa ya tuge, laka ta ɓata masa riga. Ma'aikata suka taya shi. Babban mai tabarau ya ce ba komai, ai abin ya ƙara wa taron armashi. Aka matsar da kujeru can gefen rijiya, aka miƙa wa wani lasifika, ya ɗora daga inda aka tsaya. Ba a jima ba aka ji tafi.

Yaya Babba ta tsince murafan kwalba da robobin da aka zubar a filin, ta ƙulle a bakin zane. Iya ta daɗe tana kallon wurin, leɓɓanta na motsi, sannan ta ce a mai da ita gida.

Hawan ya fi gangarowar wuya. A tsakiyar hanya Yaya Babba ta tokare keken da dutse ta tsaya tana haki. Daga nan ana hango wata motar baƙi na sauke mutane, yara biyu har sun ruga cikin filin suna tsalle.

“Can da yana ƙarƙashin ruwa babu mai taka ta,” in ji Iya. “Idona ba ya kaiwa. Duba mini, akwai hadari?”

Yaya Babba ta kare ido da hannu, ta bi kan duwatsu da kallo daga gabas har yamma. Akwai ɗan gajimare guda, fari, can nesa.

“Yana haɗowa, Iya,” ta ce, ta cire dutsen ta ci gaba da turawa.