Takanda a Hanyar Dutse

Wata takwas Baba ya yi a wurinmu a Greensboro, kuma duk abin da ya gani na Amurka bai wuce titin Wendover ba: daga gida zuwa asibiti, daga asibiti zuwa kanti, sai filin ajiye motoci mai faɗin da ya fi kasuwar garinmu. Bayan rasuwar Inna ne na ɗauko shi daga Malumfashi saboda ciwon zuciya. Da ya ji sauƙi sai ya kafe a kan zai koma. Mun yi ta fama har na gaji na yanka masa tikiti na goma ga Satumba, alhali na san babu mai kula da maganinsa a can.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa Rahina aka sa mini, "ƙasar da aka shafe da kwalta ba zan mutu a cikinta ba. Ko ƙasar taimama sai an nema."

Mijina Yahya ne ya kawo shawarar mu fita da shi ƙarshen Agusta, mu nufi duwatsun yamma, mu kwana biyu a tanti. Baba ya dube shi kallon tausayi. Wai mutum da ɗakinsa da katifarsa, ya kwashi tsumma ya tafi daji ya kwanta, kuma da hankalinsa. Yahya dai suruki ne, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni kuwa na ce ko a kafaɗa ne sai na kai shi mota. Ban yi tsammanin tafiyar za ta canza komai ba, so nake kawai in samu kwana biyu da ubana kafin ya tafi.

Da muka wuce Winston-Salem, Yahya ya sauka daga babbar hanya ya bi ta ƙauyuka. Nan Baba ya ajiye carbinsa a cinya. Masara ce dama da hagu, ta fi mutum tsawo, layi a miƙe har inda ido ya gaza. Sai waken suya kore shar, sai taba mai faɗin ganye, sai ciyawa da aka naɗe manya-manya kamar ganguna aka bar su a fili. Ƙasar ja ce jawur. Can gaba wani dutse ya taso shi kaɗai, da ƙullutu a kansa kamar an kifa masa hula.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Ashe suna da ƙasa." Jim kaɗan ya ƙara, "To ina mutanen?"

Abin da ya fi ɗaure masa kai ke nan. A wurinmu ba ka wuce gona ba ka ce sannu da aiki ba. Ya sauke gilashi, ya ɗaga hannu a shirye, amma mil bayan mil babu ko mutum ɗaya da fartanya. Shanu na kiwo babu makiyayi. Ni da na shekara goma sha ɗaya a jihar nan, sai ranar na ga girman abin, har na ji kunyar yadda nake wucewa ina latsa waya.

Kwatsam ya daki bayan kujerar Yahya. "Tsaya! Tsaya nan!"

Gabana ya faɗi, na zaci zuciyar ce. Kafin motar ta gama tsayawa ya buɗe ƙofa, ya tattare babbar rigarsa, ya tsallake kwata, ya wuce allon da aka rubuta kada kowa ya shiga, ya kutsa cikin wata 'yar gona da ba ta kai sauran girma ba. Tsohon da nake riƙe wa hannu a matakalar asibiti! Na bi shi ina kira, raina a ɓace. Na same shi ya karya kara ɗaya, yana ɓare shi da haƙori.

"Baba, gonar mutane ce! Nan ba gida ba ne, harbi ake yi!"

"Takanda ce," ya ce, bakinsa cike, idonsa ya kawo ruwa. "Uwata, takanda ce. Matafiyi ai yana karya ɗaya. Ɗauka a tafi da ita gida ne sata."

Sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta taho daga ƙasan gonar tana tada ƙura, kare na haushi a bayanta. Yahya ya ƙaraso ya tsaya gaban Baba, hannuwansa a buɗe. Wanda ya fito baƙar fata ne, dogon tsoho mai farin gemu, fuskar nan a murtuke. Na fara zuba ban haƙuri da Turanci, amma ko kallona bai yi ba. Baba yake kallo.

Shi kuwa Baba ko a jikinsa. Ya ce, "Sannu da aiki," ya janyo kan takanda ɗaya, ya ciro ƙwaya, ya matse ta tsakanin farcen manyan yatsunsa biyu. Wani farin ruwa ya fito. Ya girgiza kai, ya nuna wa mutumin. Tsohon ya matso a hankali, ya ciro tasa ƙwayar, ya matse ta daidai yadda Baba ya yi, da farcen nan biyu, ya duba, shi ma ya girgiza kai. Mutum biyu da teku ya raba, ba su da kalma ɗaya ta tarayya, ga hannayensu suna aiki iri ɗaya.

"Tambaye shi," in ji mutumin, "saura kwana nawa ta isa girbi a ganinsa?"

Na fassara. Baba ya sake tauna karan, ya dubi sama. "Arba'in, in ruwa bai yi yawa ba."

Mai gonar ya tuntsure da dariya ya cire hularsa. Ya ce shi ma satin farko na Oktoba ya sa. Sunansa Fredrick. Irin nan na kakansa ne, duk shekara suna ware na shuka, kuma a gidansu ana cewa asalinsa daga Afirka ya zo. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Ai na gane ta tun daga mota." Fredrick ya kai mu wata rumfa ya nuna mana injin matse kara da doguwar tukunyar da yake dafa ruwan har ya yi kauri. Ya ɗebo na bara a cokali. Baba ya lasa, ya rufe ido, ya ce wannan ƙanwar mazarƙwaila ce. Da ya tambayi wa ke taya shi, Fredrick ya ce 'ya'yansa suna birni, injin yanka ba ya yi wa irin wannan aiki, da hannu yake zage ganyen ya sare, shi kaɗai.

Mun isa inda za mu kwana a kan dutse da la'asar, Yahya ya yi ta kokawa da tanti, Baba bai ko yi masa tsiya ba. Na ɗauka kewar gida ce ta taso masa gaba ɗaya, na ce a raina na kawo shi inda zai ƙara ƙosawa ya tafi.

Da gari ya waye na same shi zaune a kan dardumarsa a bakin gangare. Hazo ya cika kwarin fari fat, kawunan duwatsu sun leƙo ta samansa ɗaya bayan ɗaya, shuɗi bayan shuɗi. Da rana ta taɓa shi sai ya fara yayewa, gonaki suna fitowa a ƙasa, kore da ja da ruwan ɗorawa. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Na zauna gefensa na miƙa masa shayi da ƙwayoyin maganinsa.

"Gonar takandar nan kadada biyu ce, ko ta fi," ya ce, bai dube ni ba. "Mutumin nan ya girme ni. Na ci daga gonarsa, ya ba ni na tukunyarsa, sannan in hau jirgi in bar shi da sara shi kaɗai? Ba a yi mini tarbiyya haka ba."

Ya haɗiye maganin, ya kurɓi shayi.

"Takardar jirgin nan, ana iya ɗaga ta?"

"Ana iyawa, Baba."

"To a kai ta bayan girbi. Kuma ki ce wa Yahya ya nemo mini adda mai kyau, ba irin ta yankan fure ba."

Na san abin da likita zai ce game da adda, na kuma san sati shida kawai ya ƙara mini, ba don ni ba ma. Na juya baya na share hawaye da gefen mayafina, na tafi tashin Yahya.