Baƙin Dutse a Ka'akiyya

A unguwar Ka'akiyya da ke Makka an san Abdulwasi'u da sassaƙa hatimi da allunan tagulla, irin waɗanda ake kafawa a ƙofar ofis. A Makka aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga Katsina a ƙafa don sauke farali, ya zauna bai koma ba, shi ya sa Hausar Abdulwasi'u ke tafe tana tuntuɓe da Larabcin Hijaz. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da ke rataye a ɗakin baƙinsa: tsofaffin taswirori goma sha huɗu, dukansu na wata 'yar ƙaramar ƙasa a Turai wadda bai taɓa takawa ba.

Abin ya faro ne ranar da ya je Jidda sayen fallayen tagulla. A wani kantin kayan da, cikin tsohuwar kasuwa, ya hangi wata takarda da ta yi ja saboda tsufa, an zana teku da tafki, ga duwatsu jere kamar kunyoyin doya. Ya shafa gefenta, sai ya ji shatar da farantin tagulla ya bari lokacin da aka danna shi a kan takardar. Nan ya gane ba alƙalami ne ya yi aikin ba. Wani ɗan'uwansa ne a sana'a, shekara ɗari uku da suka wuce, ya zauna ya sassaƙa kowane layi da kowane harafi a juye, kamar yadda shi ma yake yi wa hatimi. Mai kanti ya ce ƙasar sunanta Montenegro, Larabawa kuma na ce mata Jabalul Aswad, wato Baƙin Dutse.

Daga ranar ya kamu. Wata taswirar wani ɗan kasuwa ya riƙo masa daga Istambul, wata kuma 'yarsu Haifa da ke aiki a Riyad ta nemo masa ta intanet. In an kawo masa ta wata ƙasa sai ya mayar da godiya.

"Duniya ta yi mini faɗi, Ummu Haifa," haka yake ce wa matarsa Nuriyya. "Wannan kuwa dutse ce zalla, kuma kowane masassaƙi da yadda yake tsayar da dutsensa."

"To, Abu Haifa," in ji ta, "mutumin da ko hawan dutsen Ɗa'ifa aka yi sai ya rufe ido, shi ne ya tara duwatsun wasu a bango."

Ba ya musu. Labulen ɗakin kullum a sauke yake don kada rana ta ci launi, kuma in baƙo ya kai yatsa kusa da gilashin wata taswira sai Abdulwasi'u ya yi gyaran murya.

Ranar Babbar Sallah ta shekarar 2017, ya dawo daga idi ke nan yana cire takalmi, sai ga maƙwabcinsa Sadisu yana sallama. Sadisu direba ne ɗan Kano, yana jan bas ɗin alhazai tsakanin Muzdalifa da Mina. A bayansa ga wani farin dattijo dogo, sanye da harami, gashin girarsa kamar auduga.

"Baba, taimako na zo nema," in ji Sadisu. "Na dawo da mota in ɗan watsa ruwa, sai na tarar da wannan bawan Allah a kujerar ƙarshe yana barci. Babu kati a wuyansa, babu komai a hannunsa. Na gwada Larabci, na gwada ɗan Turancina, ba ya ji. Gora kawai yake ta nema. Na ba shi gorar ruwa har uku, ya sha, amma bai daina ba."

Dattijon ya dubi Abdulwasi'u, ya dafa ƙirjinsa, ya ce a gajiye, "Tsarna Gora."

"Ka ji ko?" in ji Sadisu. "Ko ta zamzam yake so?"

Abdulwasi'u ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya san kalmomin nan. A jikin taswirarsa ta sha ɗaya suke, wadda aka buga daga baya, inda aka rubuta sunan ƙasar da harshen mutanenta.

"Ba ruwa yake nema ba, Sadisu. Sunan ƙasarsu yake faɗa maka." Ya juya ga dattijon. "Montenegro, ya Hajj?"

Fuskar tsohon ta washe. Ya kama hannun Abdulwasi'u da hannu biyu yana ta zuba magana. Abdulwasi'u bai ji ko kalma ɗaya ba, amma bai so ya yi shiru, sai ya shiga jero masa garuruwan da ya haddace daga bango.

"Kattaro. Antibari. Dulchinyo."

Tsohon ya dube shi, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Daga baya ne Abdulwasi'u ya ji dalili: sunayen tun na zamanin jiragen ruwa masu filafilai ne, yanzu ko kakanni ba sa kiran garuruwan haka.

Ya ja shi zuwa ɗakin baƙi, ya ɗage labule, abin da rabonsa da yi tun bara. Dattijon ya shiga, ya dubi bango na dama, ya dubi na hagu, dariyar ta tsaya. Ya matsa gaban taswirar farko, wadda aka samo a Jidda, ya ɗora yatsansa a kan gilashin daidai bakin tafki. Sadisu ya saci kallon mai gida yana jiran gyaran murya. Abdulwasi'u ya haɗiye ta.

"Rejeb," in ji tsohon, yana nuna kansa, sannan ya sake nuna bakin tafkin.

Nuriyya ta aiko da shayi da masa da zuma. Alhaji Rejeb ya ci masa shida a tsaye, don ya ƙi zama. Can sai ya ɗaure fuska, ya nuna wani ɗan tudu da aka zana tsakanin teku da tafkin, ya girgiza kai. Ya ɗaga hannu sama har ƙarshen tsawonsa, ya yi kukan tunkiya, ya taka ƙafa yana haki kamar mai hawa. Ko ba tafinta an gane: dutsen nan ƙato ne, ya sha kora tumaki a kansa, masassaƙin ya rage masa daraja.

Abdulwasi'u bai yarda a ci zarafin ɗan sana'arsu a gabansa ba. Ya ɗauko guntun tagulla da ƙarfen sassaƙa, ya nuna masa yadda wuri yake ƙarewa in ana son suna ya shiga. Tsohon ya ɗaga kafaɗa. Suka yi ta yi, wannan da Hausa da Larabci, wancan da harshensa, kowa na ganin shi ke da gaskiya, Sadisu na tsakiya yana gyaɗa wa duka biyun kai.

Nuriyya ce ta leƙo daga bakin ƙofa. "Abu Haifa, mutumin nan fa bai yi jifa ba, kuma akwai masu nemansa."

Abdulwasi'u ya ji kunya. Ya kira wani abokinsa Talal da ke aiki a ofishin da ke kula da alhazan Turai. Da yake an san ƙasa, kuma alhazanta ba su da yawa, ba a fi rabin awa ba jagoransu ya kira. Ya yi karatu a Madina, Larabcinsa tas. Ya ce tun asuba suke neman Alhaji Rejeb, matarsa ta ƙi cin komai. Aka ba tsohon waya. Daga yadda ya riƙa cewa kalma ɗaya yana sunkuyar da kai, Nuriyya ta ce ita ta san da wa yake magana.

Da ya gama shan faɗa, ya miƙa wayar yana nuna a fassara masa.

"Yana tambaya," in ji jagoran, "wane ne naka a ƙasarmu?"

"Ba kowa. Ka ce masa aikin hannun ne ya burge ni, daga nan na saba da wurin."

Aka fassara. Tsohon ya yi magana a hankali.

"Ya ce a ƙauyensu kowane gida akwai hoton Makka a bango. Shekara saba'in yana kallon na gidansu. Bai taɓa zaton akwai wani a Makka da ya rataya nasu ba." Jagoran ya ɗan yi dariya. "Ya kuma ce in gaya maka dutsen nan dai an cuce shi."

Sadisu ya mayar da shi Mina kafin azahar.

Kwana biyar bayan nan, da la'asar, wata ƙaramar bas ta tsaya a ƙofar gidan. Alhaji Rejeb ya fito, kansa a aske, sanye da kwat duk da zafin Makka, a bayansa dattawa takwas da jagoransu da mata uku. Matan suka wuce wajen Nuriyya da ƙullin busasshen ɓaure. Mazan suka cika ɗakin baƙi, kowa na neman garinsu. Wanda ya samu nasa ya yi ta kiran sauran su zo su gani. Wani gajere mai tabarau ya duba taswira goma sha huɗu bai ga ƙauyensu ba, ya zauna ya yi fushi, sai da aka ba shi shayi biyu ya huce.

Ganin ga masu karatu sun samu, Abdulwasi'u ya sauko da wata taswira daga bango, ya buɗe bayan firam ɗin da kansa. A bayan takardar akwai wani hatimi mai launin shuɗi, zagayayye, da rubutu cikin wasu haruffa da ba na boko ba, ba na Larabci ba.

"Shekara shida ina kallon wannan," ya ce wa jagoran. "Aikin mai kyau ne. A raina na ce na fadar sarkinsu ne."

Jagoran ya kai takardar kusa da taga, ya karanta, ya miƙa wa mai tabarau. Shi ma ya karanta, ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin ta zagayo ɗakin ya kaure da dariya.

"Me aka rubuta?"

"Hatimin wata makarantar firamare ne," in ji jagoran yana share ido. "An ce: kayan makaranta, kada a fitar daga aji."

Abdulwasi'u ya karɓi takardar, ya sake duban hatimin da kyau.

"To, an dai fitar," ya ce. "Amma ka gaya musu wanda ya sassaƙa shi ya iya aiki."

Ya mayar da ita cikin firam, Alhaji Rejeb ya riƙe masa kujera ya hau ya rataye ta. Daga cikin gida Nuriyya ta aiko a tambayi baƙi ko suna cin yaji, don ta ɗora tsire.