Jan Zaren Delu

"Miƙo min ta bara. A'a, waccan ta shekarar fari ce! Dije, idonki ado ne?"

Dije ta sauko da igiyar daga jikin azara tana dariya. Inno, ungozomar unguwarsu a Kalgo, kwananta tara a kwance, ko kunu sai an ɗago mata kai, amma bakin nan yana nan daram.

Igiyoyi ashirin da shida ne rataye a ɗakin, kowace shekara da tata. Duk jaririn da Inno ta yanke wa cibi, sai ta yi masa ƙulli. In ya kai yaye ta ɗaura wa ƙullin jan zare, in ya koma ta ɗaura baƙi. Mutanen unguwa sun daɗe suna cewa tsohuwa ta rasa aikin yi. Sai da Yusufu duba-gari ya zo daga Gwandu da littafinsa, ta shimfiɗa masa igiyoyin a tsakar gida, ta nuna masa yadda baƙin zare ke cunkushewa duk lokacin da tsohuwar rijiya ta ƙafe aka koma shan tafki. Bawan Allah ya tsuguna har la'asar yana kwafa. Bayan wata bakwai aka haƙa musu rijiyar siminti. Tun ranar babu wanda ya sake cewa uffan.

Inno ta lalubi wani ƙulli. "Ga ɗiyarki Delu. Jumma'a za a yaye ta, ko? Ɗauko ja mu ɗaura tun yau, in gani da idona."

Dije ta girgiza kai. Baƙin zare uku a ɗakin nan nata ne, duka maza. Na ukun ma har ta sayi jan zare ta ajiye, saura mako guda ƙyanda ta ɗauke shi. Tsoro take ji, tsoro na gaske.

"Inno, ki yi min rai. Ba ni ɗaurawa sai ranar ta zo."

"Yau mi muke?"

"Talata."

"Kwana uku! Ke dai ba ki da tausayi. To, sai in ce wa baƙon nawa ya zauna zaure ya jira."

"Subhanallahi! Inno, wane irin zance ne wanga?"

"Yo ni nawa na jira? Ke kanki kwana biyu kika tsaishe ni kan gwiwar uwarki, kika fito kina harara."

Laraba mai ƙosai, da ta leƙo gaisuwa da tsohon cikinta, ta yi dariya har ta dafa bango. Inno ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma ki yi a hankali, ba ni da hannun karɓa."

Kwana ukun nan Dije ba ta san inda kanta yake ba. Delu ta yi atishawa, ta taɓa goshinta. Inno ta yi tari ta bayan katanga, ta saki muciya ta ruga. Ranar Alhamis tsohuwa ta daina cin komai, amma duk wanda ya shigo sai ta tambaye shi ranar.

Jumma'a da hantsi aka ba Delu rubutu ta sha, kakarta ta goya ta sai Wurogauri, yarinya tana ta wutsil-wutsil da ƙafa kamar ba ita aka raba da nono ba. Dije ta shigo ɗakin Inno da gudu, sai a nan ta tuna ko taƙi ɗaya na jan zare ba ta saya ba.

"Na sani," in ji Inno, muryar can ƙasa. "Zare daga bakin zanena."

Dije ta zaro. Yatsun Inno sun kasa riƙewa, sai ta ɗora su a kan na Dije. "Zagaya biyu. Ja. Kada ki yi min ƙullin raggaye. Yawwa. To ƙirga min."

Dije ta bi igiyar da yatsa, hawaye na ɗiga a kai. "Ja goma sha ɗaya, baƙi ɗaya."

"Ɗaya tak? Shekarar da na fara, rabi da rabi munka yi da ita." Inno ta yi murmushi. "Alhamdu lillahi. Kwashe su duka ki kai ɗakinki. Ki gaya wa wancan na zaure ya shigo, ya yi haƙuri."

Kafin maza su dawo daga masallaci ta cika. Dije ta yi kuka har muryarta ta dushe. A wurin zaman makoki kuwa rabin masu gaisuwa ƙulli ne a igiyoyin nan, kowa na neman a nuna masa nasa.

Ranar addu'ar bakwai Laraba ta sauka, namiji, Dije ce ta yanke masa cibi. Dije ta dawo gida da yamma ta tarar an kawo Delu, ta yi ɓul-ɓul da madarar shanun kakarta. Ta zauna a bakin ƙofa ta ɗora ta a cinya, ta jawo igiyar bana ta yi sabon ƙulli. Delu kuwa ta kamo ta bara, ta cusa jan zaren a baki tana tsotsa.