Kwamfutar Da Ke Tambayar Famfara

Dinah ta dawo Gumel daga Kano a farkon daminar 1996, ɗauke da takardar shaidar koyon kwamfuta da wata magana da ta hana ta sakat. Wani kamfani a can Kano mai rubuta wa asibitoci furogiram yana neman sababbin ma'aikata, kuma shugaban sashen, Malam Abdulsalam, ya ce shi takarda ba ta dame shi ba. Duk mai son aikin ya zo masa a lokacin kaka, da abin da ya gina da kansa a cikin faifai, a kunna a gabansa.

Mahaifinta, Mista Enoch na sashen gona, ya riga ya nema mata gurbin buga takardu da tafireta a sakatariya. Ya ce ta gwada Kanon, in ba ta yiwu ba ta zo ta zauna a kujerar da aka ajiye mata, kuma ba za a sake tayar da zancen ba. Dinah ta ce to, amma duk sanda ta tuna ƙarar tafireta sai ta ji kanta ya sara.

Abokan karatunta duk sun zaɓi nasu. Wannan zai yi kalkuleta, wancan zai yi na fitar da sakamakon jarrabawa, wani kuma wasan maciji mai cin ƙwai. Duk a bayan littafi ɗaya suka gani, kuma kowa yana rantsuwa shi ya ƙirƙiro. Dinah ta ce ita tunda kamfanin na asibiti ne, za ta yi furogiram na rajistar marasa lafiya. Ta riƙa zuwa shagon Chris mai buga katin biki, inda akwai kwamfuta ɗaya da janareta mai tari kamar tsohon ɗan sigari, har ta gama. Abin ya yi kyau. Yana tambayar suna, gari, da ranar haihuwa, rana da wata da shekara. In ba a ba shi ba sai ya yi ƙara ya kafe, ba gaba ba baya.

Don ta samu sunayen gwaji, ta bi mahaifiyarta Agnes zuwa ƙaramin asibitin da take aiki a wajen Sule Tankarkar. Ta farko a layi wata dattijuwa ce, Larai, ta rako 'yarta awon ciki. Dinah ta gaishe ta, ta tambayi ranar haihuwar 'yar.

"Shekarar canjin hannu ce," in ji Larai, "ana shuka na haife ta."

Dinah ta ce a'a Iya, lamba take so. Larai ta dube ta da tausayi, ta ce ai ba ta haifi lamba ba. Agnes kuwa ko kai ba ta ɗaga ba, ta rubuta ɗaya ga Janairu a katin, ta ƙiyasta shekara da ido. Dinah ta duba sauran katunan. In da za a bi ta tasu, duk mutanen yankin nan ranar sabuwar shekara aka haife su, kuma Allah kaɗai ya san wahalar da ungozoma suka sha a ranar.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta ga furogiram ɗinta ba zai wuce mutum na farko ba. Har ta yanke shawarar ta sa shi ya riƙa cika ɗaya ga Janairu da kansa, kowa ya huta. A mota suna komawa ta tambayi mahaifiyarta mene ne ma canjin hannun. Agnes ta ce shekarar da motoci suka bar hagun titi suka koma dama, 1972 ke nan, ita tana makarantar koyon jinya a lokacin. Sai Dinah ta farga. Ashe Larai ta ba ta shekara, har da lokacin shuka a kai.

Daga nan ta shiga yawo. Ranar Alhamis tana Maigatari wajen dillalan shanu, wata rana tana Gagarawa Tasha wajen tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, tana tambayar da me ake tuna shekaru. Mista Enoch ya ce an tura ta koyon kwamfuta ta dawo 'yar jarida. Aikin bai zo da sauƙi ba. Canjin kuɗi biyu ne, na barin fam da sule da na sauya launin naira a 1984, dole kwamfuta ta tambaya wanne. Fari kuwa kowane ƙauye da nasa. Mutanen Damagaram da ke cin kasuwar Maigatari ma nasu shekarun daban, ta buɗe musu sashe.

Waɗanda suka fi ba ta wuya su ne waɗanda ba a faɗa musu komai game da shekarar haihuwarsu ba. Larai ce ta warware mata, ranar da ta koma asibitin. Ta ce ai ba a tambayar mutum haka. Sai a ɗauko abin da kowa ya sani, a ce lokacin ana goyonka, ko ka yi famfara, wato haƙoran yarinta sun zube, ko ka fara azumi, ko an yi maka aure. Dinah ta koma shagon Chris ta koya wa kwamfuta wannan hanyar.

Da aka fara yankan gero ta shiga motar Kano da faifanta a naɗe cikin ɗankwali. Kafin a zo kanta Malam Abdulsalam ya ga kalkuleta har ya gaji, ya jingina da kujera yana murza ido. Dinah ta sa faifan ta yi masa bayani a taƙaice. Ya ce bayani ya isa, a gwada da shi. Takardunsa sun ce ɗaya ga Janairun 1950, to ta ɗauka bai sani ba.

Kwamfuta ta tambaya ko an faɗa masa abin da ya faru a shekarar haihuwarsa. Ya ce a'a. Ta tambaya ko ya tuna samun 'yancin kai. Ya ce ƙwarai, a shekarar aka sa shi makaranta, an raba musu ƙananan tutoci. Sai ta rubuto: "A lokacin ka yi famfara?"

Malam Abdulsalam ya yi dariya, ya ce wannan kwamfuta ba ta da kunya. Sannan dariyar ta tsaya. Ya ce a lokacin yake yi, ya tuna yana rera waƙa iska na fita ta giɓin. Dinah ta danna. Kwamfuta ta tambayi lokacin da aka haife shi, damina ko kaka ko rani. Ya ce mahaifiyarsa takan ce ana ɗaure dammunan gero.

Amsar ta fito: kaka, 1953 ko 1954.

Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa, cewa shi dogo ne tun yana yaro. Ranar ɗaukar 'yan makaranta hedimasta ya sa shi ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓa kunne, ya ga hannun ya wuce, sai ya rubuta abin da ya ga dama. Mahaifiyarsa ta yi ta cewa an ƙara masa shekaru, shi kuma da ya yi karatu yakan ce mata ga takarda, ita me ta sani. Bara ta rasu.

"Allah ya jiƙanta, yallaɓai," in ji Dinah.

"Amin. Ashe gaskiyar Inna ce." Ya share ido da gefen hannun riga. "'Yata, ranar Litinin ki zo da shirin aiki. Amma kafin ki cire faifan, buga mini wannan a takarda, zan kai wa ƙannena su gani."