Shaidar Mai Bin Sawu

Motar ta faɗa rami ta yi sama da mutanen cikinta, mata suka ɗauki salati, buhun gyaɗa ya gangaro kan ƙafar Malam Hadi, amma ko sunkuyawa bai yi ba. Hannayensa biyu suna dafe da ƙirjinsa, inda ya cusa wani ambulan a cikin riga. Tun daga tashar Birnin Kudu yake a haka, har wani dattijo da ke gefensa ya tambaye shi ko ƙirjin ne ke ciwo.

"Lafiyata ƙalau, Baba. Takardu ne."

"To, Allah ya sa na alheri ne," in ji dattijon, ya ci gaba da cin goronsa.

Bakinsa ne ya jawo masa, kamar yadda matarsa Hapsatu ta faɗa masa ba sau ɗaya ba. Malam Hadi shi ne malami, shi ne hedimasta, shi ne kuma mai kaɗa ƙararrawa a 'yar makarantar wani ƙauye gaba da Kwandiko. Shekara uku ya yi yana bin gida gida yana roƙo kafin ya tara yara arba'in da uku. Ran nan, cikin daminar da ta biyo bayan gama yaƙin basasa, daɗin darasi ya ɗebe shi ya ce wa yara mutane sun sauka a kan wata, sun taka shi, sun dawo gida. Yara kuwa ba sa riƙe magana, kafin magariba ta karaɗe gari. Washegari goma suka ƙi zuwa, iyayensu sun ce ƙarya malam yake koya musu. Da mako ya zagayo, yara shida suka rage a kan benci, biyu daga ciki ma nasa ne.

Dagaci ya kira shi ya ce ran Alhamis bayan la'asar ya zo ƙofar gida, ko ya kawo shaida, ko ya tsaya gaban jama'a ya ce ƙarya ya yi. In babu ko ɗaya, za a rubuta wa hukuma a Gwaram a ɗauke shi, a mai da ajin rumbun gyaɗa. Yau ce Alhamis ɗin.

Shi ya sa ya yi sammako zuwa Birnin Kudu wurin Iliyasu, abokin karatunsa, wanda ke yawo da motar majigi ƙauyuka. Iliyasu ya yi masa dariya har da riƙe ciki, sannan ya buɗe akwati ya ciro hotuna huɗu waɗanda mutanen da suka je watan suka ɗauka da hannunsu. Uku sun cika ido. Na huɗun kuwa ba komai a cikinsa sai sawun takalmi ɗaya a ƙasa, har Malam Hadi ya ce a bar shi, me za a yi da hoton takalmi?

"Tafi da shi dai, ba shi da nauyi," in ji Iliyasu.

Azahar ta gota ya sauka a Gwaram. Ya karɓi kekensa a wurin telan da ya bar wa ajiya, ya yi salla a gurguje, ya kama hanya tsakanin gonakin gero yana taka feda kamar an biyo shi. A ransa ya riga ya ci nasara. Gani ai ya kori ji!

Ya tarar gindin durumin ƙofar dagaci ya cika maƙil. Ya jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya zaro hoton farko. Duniya ce a ciki, shuɗiya da farin girgije, tana leƙowa ta bayan ƙasar wata. Shi kansa duk lokacin da ya kalle ta sai tsigar jikinsa ta tashi.

"Ranka ya daɗe, wannan duniyarmu ce, kamar yadda suka hango ta daga can."

Hoton ya bi hannu hannu. Wani ya juya shi sama, wani ya juya shi ƙasa. Can wani manomi ya ce, "Malam, nuna min Kwandiko a ciki." Aka kwashe da dariya.

Sai Alhaji Sada ya gyara zama. Shi ne babban mai fataucin shanu a garin, 'ya'yansa bakwai ya fara janyewa daga makaranta, sauran iyaye suka bi bayansa. Ba mugun mutum ba ne, amma ya tsani a raina masa hankali. Ya sa hannu a aljihu ya fito da nasa hoton, ya ɗaga kowa ya gani.

"Jama'a, wane ne wannan?"

"Kai ne, Alhaji."

"Me ke bayana?"

"Jirgin sama!"

"To, wallahi ban taɓa shiga jirgin nan ba. Ni da na je Makka ta ƙasa, ta Sudan? Labule ne aka zana a shagon wani mai hoto a Kano, aka ce in tsaya a gabansa. In mai hoton Kano zai ba ni jirgi, Bature zai rasa yadda zai ba kansa wata? Haba Malam! Mu za ka yi wa wasa da hankali?"

Duk hanyar nan Malam Hadi ya tanadi amsar mai cewa saɓo ne, ya tanadi ta mai cewa wata ƙanƙane ne ba ya ɗaukar mutum, amma bai taɓa kawo labulen Kano a ransa ba. Ya miƙa hoto na biyu, mutum cikin farar riga mai kumburi da tulin kaya a baya. Aka ce dodon gona ne aka yi wa wanka. Ya miƙa na uku, fili fetal da sawaye a warwatse, aka ce bakin kogi ne da rani. Gumi ya jiƙa masa riga. Liman ya ce babu abin da ya gagari ikon Allah, amma shari'a da shaida take aiki, hoto kuwa ga shi an ga ba shaida ba ne.

Dagaci ya dube shi, da tausayi ma. "Malam, saura me?"

"Saura ɗaya, ranka ya daɗe. Amma ba wani abu ba ne, sawu ne kawai."

"Sawu?" Alhaji Sada ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi, magana ta ƙare! A miƙa wa Baba Barau. Yanzu zai faɗa mana a gulbin da aka taka shi."

Barau tsoho ne siriri, yana zaune can gefe a kan buzunsa. Mai bin sawu ne, gadonsa ne tun kakanni. In aka saci saniya, shi ake kira ya bi ta kan dutse da fadama har ƙofar garken da aka kai ta, kuma alƙali ba ya neman wata shaida bayan tasa. Bara ma shanun Alhaji Sada biyar ya dawo masa da su daga wajen Ningi. Bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, jikokinsa kuma suna cikin waɗanda aka janye. Malam Hadi ya miƙa masa hoton da hannu biyu, zuciyarsa tana cewa shi ke nan, an gama da shi.

Tsohon bai riƙe hoton a gaban fuska kamar kowa ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya shimfiɗa shi, ya tsuguna a kansa. Ya zagaya ya ba rana baya. Ya sake zagayowa ya kwantar da kai har kuncinsa ya kusa taɓa ƙasa. Ya ce a ba shi sauran biyun, na mai farar riga da na fili, ya jera su.

"Malam, zo ka taka nan," ya nuna wurin da ya share.

Malam Hadi ya sa takalmi ya taka. Barau ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya daɗe yana dubawa.

"To, Baba, ina ne?" in ji Alhaji Sada. "Ko shi ma zanen labule ne?"

"Ba zane ba ne. An taka shi. Ga inda dunduniya ta fara sauka, ga ƙasar da ta tashi a gefe."

"Madalla. A wane gulbi?"

"Alhaji, bari in gama." Ya ɗora yatsa a bakin sawun. "Ƙasar nan busasshiya ce ƙamas, amma ta riƙe sawu tsaye kamar laka. Dubi na Malam, tun yanzu bakinsa ya fara zubewa. Wannan ko ƙwaya ɗaya ba ta gangara ba. Iska ba ta bi ta kansa ba. Ba wai tun da aka taka ba, a'a, ƙasar ma kanta iska ba ta taɓa kwantar da ita ba, ruwa bai taɓa yi mata hanya ba."

"Toka ce aka zuba!" in ji Alhaji Sada.

"Toka da tsakuwa a ciki? Kuma wa ya ƙone daji har iyakar gani bai bar kututture ko ɗaya ba?" Ya matsa kan hoton filin. "Shekara hamsin ina kallon ƙasa, daga nan har Ningi har Bauci. Ban taɓa ganin taku ɗaya na ƙasar Allah da wani abu bai riga ni wucewa ta kai ba. In ba tururuwa, akwai ƙadangare. In ba tsuntsu, akwai tsinken ciyawa. Nan babu. Mutumin nan shi ne farko."

Wani ya ce, "La ilaha illallahu."

"Ga abin da ya fi ɗaure min kai," Barau ya ci gaba, ya nuna mai farar riga. "Ƙato ne, kayan bayansa sun kai buhun dawa. Mai wannan nauyi in ya taka ƙasa mai laushi haka, har idon sawu zai nutse. Shi kuwa bai fi ɗan yatsa ya shiga ba, sai ka ce yarinya ta ɗauko tallan fura. Wannan kam ban san dalilinsa ba."

"Ni na sani!" Malam Hadi bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba, har ya manta a gaban wa yake. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. A can abu ba ya nauyi kamar nan. Buhu shida a can nauyin ɗaya ne. Yana cikin littafi, wallahi yana ciki, kuma ban taɓa faɗa wa kowa a garin nan ba!"

Barau ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka nuna wa inda saniyar ta ratse. Ya juya wajen dagaci.

"Ranka ya daɗe, ni ban je wata ba, ba zan ce wata ne ba. Amma sawun gaskiya ne, ƙasar kuma ba ta duniyar nan ba ce. In Malam ya ce can ne, ban ga inda ya yi ƙarya ba."

Idanu suka koma kan Alhaji Sada. Ina zai sa kansa? In ya ce tsohon bai iya karatun sawu ba, to shanu biyar da ke garkensa da wace shaida suka dawo? Ya dubi hoton jirginsa, ya mai da shi aljihu, sai kuma ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace.

"Kai! Ni na kira mai shaida, ya zo ya kashe ni. Malam, ka yafe min. Gobe bakwai ɗina suna hanya."

Wuri ya kaure da hayaniya. Waɗanda suka ce dodon gona ne su suka fi kowa turereniyar sake ganin hoton, manomin nan mai neman Kwandiko har da rantsuwa ya gano ta a ƙarƙashin wani girgije. Malam Hadi dai yana tsaye yana amsa hannu, murna ta cika shi har idonsa ya kawo ruwa, bai kuma ɓoye ba.

Da jama'a suka ragu, ya je ya tsuguna gaban Barau, wanda ke naɗe buzunsa.

"Baba, na kalli hoton nan a Birnin Kudu, takalmi kawai na gani. Don Allah gobe ka zo aji, kai za ka karanta wa yara shi."

"Ni? A makarantar boko?" Tsohon ya yi murmushi. "Malam, kada ka sa a yi min dariya da furfurata."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Da safe Malam Hadi ya kaɗa ƙararrawa ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga kawuna. Arba'in da uku cif, sai ga wasu huɗu da bai taɓa rubuta sunansu ba, iyayensu na tura su daga baya. Bencin bai isa ba, aka shimfiɗa tabarma. Yana cikin liƙa hotunan a jikin allo ya ji sallama. Barau ne da sandarsa, ya tsaya daga waje ya ƙi shigowa.

"Fito da yaran fili, Malam. Ɗazu akuya ta wuce ta nan, tana ɗingishi da ƙafar baya. Da sawunta za mu fara, na kan wata sai sun ƙware."