Bugu Uku a Bango

Nas ɗin ta miƙo mata baƙar leda, ta ce ta duba ko kayan sun cika. Mai Ɗinki ta duba: silifa, ɗankwali, 'yan kunne a naɗe cikin takarda, katin awo. Ta ce sun cika. Kayan maƙwabciyarta ke nan, Mai Wanki, wadda ta rako asibiti da hantsi tana tafiya da ƙafarta. Da azahar ta haifi ɗa namiji. Kafin la'asar an ja mata zane har ka.

Shekara goma sha shida bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Haihuwa biyar Mai Wanki ta yi a gida, ba wanda ya taɓa jin muryarta. Mace ce mai cije leɓe. In naƙuda ta kankama sai ta durƙusa gefen gado, ta ɗauki ludayi ta bugi bango sau uku. Mai Ɗinki ta tsayar da keke, ta ɗauko sabuwar reza da zare ta zagayo. Takan tsokane ta cewa ko akuya tana kuka in za ta haihu, ita kuma ta ce ai akuya ba ta da maƙwabciya.

A ta biyar jini ya zuba har ya tsorata Mai Ɗinki. Shi ya sa wannan karon ta kafe sai asibiti, ta yi faɗa, ta yi gaba da ita kwana biyu, har Mai Wanki ta ce to, Yaya, yadda kika ce.

A asibitin ba a barin 'yan rakiya su shiga. Benci Mai Ɗinki ta samu a baranda. Da aka leƙo aka ce an sauka lafiya, ta buga wa mijin waya, direba ne yana kan hanya, har ta yi masa tsiyar ya taho da buhun sabulu. Ta koma ta zauna tana jira a kira ta.

Yanzu ga ta a ɗakin masu jego, an ɗora mata jaririn a hannu. An riga an yaye zanen gadon Mai Wanki. A gado na kusa wata yarinya ce mai haihuwar fari, tana ta satar kallonta.

"'Yar nan, ta kira ni?"

Yarinyar ta ce ko uffan ba ta ce ba. Nas biyu ne a kan gado ashirin, wajen masu ihu suke ta gudu. Ɗaya ma da ta gifta yaba ta ta yi, ta ce su yi koyi da wannan baiwar Allah. Ba wanda ya ɗaga bargon sai da jini ya ɗigo ƙasa.

"Sai dai, Mama, ta yi ta buga bango da cokalin shayi."

"Sau nawa?"

"Uku-uku. Ta huta, ta sake. Na ɗauka ciwon ciki ne ke cin ta."

Mai Ɗinki ta juya da jaririn a hannu. Da ta fito ta zagaya bayan bangon. Ɗakin ajiya ne, da kwaɗo a ƙofar. Ta taga ana hango bokitai da tsintsiya. Bencinta yana can ɗaya gefen ginin.

A gida an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika tsakar gida. Ana yi mata gaisuwa tana amsawa, idonta a bushe. Babbar 'yar marigayiyar ta karɓi jaririn, ta ce ba ta san inda aka ajiye kayansa ba. Mai Ɗinki ta ce ita ta sani, ita ta ɗinka su.

Ta shiga ɗakin Mai Wanki. Gefen gado, daidai tsayin mace a durƙushe, siminti ya ɓantale wuri guda. Kusa da shi an kafa sabuwar ƙusa, ludayin yana rataye. Ashe duk da maganar asibitin ta ajiye shi kusa.

Ta durƙusa ta ciro shi. Ta bugi bangon sau uku, ta kara kunnenta. A ɗakinta ba kowa, sai keken ɗinki a rufe da zane.